Ragon Da Ba A Yanka Ba

Hassoumi ya shiga jirgin ƙasa mai zuwa birnin Lyon sanye da babbar rigarsa ta Juma'a, alhali ranar Asabar ce. Cin abinci za shi wajen ɗiyarsa Nadia, kuma ya san abin da za a ba shi mushe ne.

Mahauci ne ɗan mahauta daga Tahoua. Rabin rayuwarsa a kasuwar Rungis ta Faransa ya yi shi, yana saɓa cinyoyin shanu a kafaɗa. Sai Allah ya ba shi ɗiya guda tilo, albasa kuma ta ƙi yin halin ruwa. Tun tana ƙarama, da suka je gida hutu ta shaƙu da ragon layya, ta kuma ga wuƙar a hannun ubanta, ta daina cin nama. Da ta girma ta haɗa da ƙwai da nono, har zuma ba ta tsira ba.

Tun rasuwar uwarta ba su sa hannu a kwano ɗaya ba. In ta zo gidansa a Bobigny, da ɗan kwanon ganyenta take zuwa, ta zauna can ƙarshen tebur. Daga baya zuwan ma ya yi wuya. Shi kuwa yakan dafa, ya kunna talabijin don dai ya ji muryar mutum, ya ci a tsaye.

Ana nan sai ta sami aiki a wani ɗakin bincike a Lyon, inda ake renon nama a kwalba. A ɗebi ɗan tsoka kamar ƙwayar gero daga jikin dabba mai rai, a yi ta ciyar da shi yana yaɗuwa. Abokanta masu ƙin nama suka rabu biyu. Wasu suka ce nama dai nama ne, suka daina gaishe ta. Wasu suka ce tunda ba a kashe kowa ba, ina laifi? Nadia ta yanke nata hukuncin: muddin ragon da aka ɗiba a jikinsa yana numfashi, za ta ci.

Auta ta raɗa masa suna, fari ne mai baƙin tabo a gadon baya kamar tafin hannu. Kullum sai ta aiko wa uban hotonsa ta waya. Hassoumi kan yi dariya shi kaɗai: jika dai bai samu ba, ga rago.

"Papa, wannan karon tare za mu ci," in ji ta.

Murna ta kwashe shi sai gidan Malam Sabo, limaminsu. Malam ya gama saurare ya girgiza kai.

"Abin da aka yanko daga dabba tana da rai mushe ne, Hassoumi. Kai mahauci ne, ka fi ni sani. Da yanka ragon aka yi da bisimilla sannan aka ɗiba, da babu magana."

Hajiya Biba, matar malam, aminiyar marigayiya uwar Nadia, tana gefe tana zuba musu shayin da ya ƙi ƙarewa. Ita dai magana ba ta kwana a cikinta, ga shi sukan yi waya da Nadia.

Hassoumi bai gaya wa Nadia ba. Ta ina zai fara? Ya ce a kashe mata Auta? Ba a jima ba ita ta bugo, ta ce an ɗaga ranar, sai an sake aikin daga farko. Hotuna ma suka daina zuwa, ya ɗauka aiki ne ya sha mata kai. Watannin nan ya yi su yana saƙa da warwara, har ya tsayar da magana: zai ci. Allah mai gafara ne, ɗiya kuwa guda gare shi.

A ɗakinta na unguwar Bron ya tarar ta rame. Ta yi shimfiɗa a ƙasa yadda uwarta ke yi, ta ajiye kwano ɗaya, shinkafa da miya, a tsakiya ga ɗan naman bai kai ƙwan zabo ba. Ya raba shi biyu da yatsa, ya tura mata rabi.

"Ci, Papa. Halal ne, na tabbatar."

Tausayinta ya kama shi. Haihuwar Faransa, me ta sani? Ya yi bisimilla a fili, ya yi istigfari a zuci, ya haɗiye. Ba kitse, ba ƙashi, ba wani daɗi. Ya ɗaga kai yana jiran ta, amma hannunta bai shiga kwanon ba.

"Ke fa?"

"Cikina ke ciwo."

"To, in mun gama ki kai ni in ga Auta."

"Gonar da nisa, Papa."

Ta tashi ta shiga kicin, ta daɗe a ciki famfo na zuba. Nan baƙin ciki ya turnuƙe shi. Ya sa wa cikinsa mushe da tsufansa, kuma ga shi dai shi kaɗai a gaban kwano, kamar a Bobigny. Ya cinye rabin nata, don mahauci ba ya barin nama ya tafi shara.

A tasha ta miƙa masa wani ƙunshi mai laushi, ta ce kada ya buɗe sai jirgi ya tashi. Ta rungume shi, ta juya da sauri kafin ya ga fuskarta.

Har suka bar gari bai taɓa ƙunshin ba, don fushi. Sai da kewa ta fi ƙarfin fushin ya kwance igiyar, ya baza abin a kan cinyarsa.

Buzun salla ne, ba a daɗe da jeme shi ba, fari tas, da baƙin tabo a tsakiya kamar tafin hannu.