Sunan da Kaka Ba Ta Taɓa Kamawa Ba

Ina 'yar shekara tara Baba ya ja hannuna zuwa Naif, unguwar 'yan kasuwa a ƙasar Larabawan da muke zaune, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, rana kamar ta narkar da takalmi. A aljihunsa akwai hoton kakansa, wani bafataken goro da ya bi hanyar Kumasi lokacin shigowar Turawa, ya yi iyali a can, bai sake dawowa Kano ba. Baba ya shekara shida yana cigiyar jikokin kakan nasa na can.

An kwatanta mana wani dattijo ɗan zangon Kumasi mai dafa shayi a bayan shagunan jakunkuna, wai ya san kowane gida. Da muka same shi ya karɓi hoton, ya daɗe yana kallo. Har yau ina jin ƙamshin citta a yatsunsa.

"Alhaji, mene ne sunansa na yanka?"

Baba ya ce, "Malam muke cewa. Kakata ta shekara arba'in tana jiransa, ba ta taɓa kama sunan mijinta ba. 'Ya'yanta ma haka."

"Ai a zango kowa Malam ne," in ji dattijon, ya mayar masa da hoton. "Khalas, shi ke nan, sai haƙuri."

A tasi Baba ya jingina kansa da gilashi. Can ya ce, "Uwata, faɗi sunana."

Kunya ta kama ni.

"Faɗi mana."

Na ce, "Sule," ƙasa-ƙasa.

"Da ƙarfi."

Hoton kakan Baba yana wurina yanzu, kuma na gaji da tambayar sunansa. Amma a bayan hoton shi Baba, na rubuta sunansa, Sule, da manyan baƙaƙe.