Jaririn Kujerar Baya

Mun bar Kopenhagen ke nan, sai na ji kukan jariri a kujerar bayan motata.

"Mama, me ke cikin rigar sanyinki?" na tambayi tsohuwar baƙuwar da nake zagayawa da ita buɗe ido.

"Tsintarsa na yi, ɗana. An yar da shi cikin kekensa na jarirai a ƙofar gidan shayin nan, ga ƙanƙara!"

Mu nan haka muke kwantar da jarirai a waje su sha iska.

Wayata ta yi ƙara. Matata ce, wadda na tsaya gaisarwa a gidan shayin, tana kururuwa.

Na dubi madubi. Jar hular da na saya wa ɗana jiya ce a kan jaririn.