Ruwan Gishiri

"Rufe bakinka, ya akhi! Teku ce, ba randa ba!" in ji koci ga ɗan wasan da yake horarwa.

Keke da gudu ba sa ba ɗan wasan wahala, iyo ne ke neman hana shi shiga gasar da ta haɗa ukun. A Tafkin Chadi ya koya, inda yaro kan kurɓi ruwa yana cikin iyo. Ya daɗe a Jidda, amma da ya faɗa ruwa sai bakinsa ya buɗe da kansa, gishiri ya shaƙe shi.

Ranar gwaji ya fito daga teku bai yi tari ba.

"Halas, shi ke nan, ka zama ɗan Jidda!" Kocin ya rungume shi.

Ɗan wasan ya yi murmushi, ya koma bakin ruwa kamar zai wanke fuska. Ya ɗebo a tafin hannu, ya lumshe ido, ya kurɓa.