Naki Ko Na Ƙi

Da la'asar sakaliya Mahfuz ya yi sallama a zauren gidansu Ni'ima da ke unguwar Ɗan Iya. Ta fito idanunta a kumbure, ta zauna can ƙarshen tabarma, ko kallonsa ba ta yi ba.

Shekaranjiya ta tura masa imel irin wanda suka saba, babu doguwar gaisuwa: "Baba ya ce ka turo manya. Ka shirya?" Amsarsa ta zo da kalma ɗaya tak: naki. Ta san wayarsa ba ta rubuta ƙa mai lanƙwasa, don haka "na ƙi" ta karanta.

"Me kuma ya kawo ka?" ta ce. "Ai ka ce ka ƙi."

Ta miƙa masa wayarta. Ya daɗe yana kallon kalmar, sannan ya dafe kai.

"Haba Ni'ima. Kullum da sunana kawai nake rufe saƙo, don ina jin nauyin rubuta miki wannan kalmar. Naki nake nufi. Ni ɗin nan, naki ne."

Hasken yamma ya kwanta a kan lallen hannunta, ta ji kamar tabarmar na shawagi da ita. A hankali ta karɓi wayar, ta yi rubutu.

Aljihunsa ya yi ƙara. Ya duba, ya ga: taka.

Ya yi murmushi. "Tawa ce ke, ko in taka in je in turo manyan?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Duka biyun."