Awa Ɗaya Zuwa Maiduguri

"Saura minti nawa?" Baba ya tambaye ni a karo na uku.

"Ashirin, Baba."

Tun daga Gumel na gama lissafina. Daga filin jirgin Kano zuwa na Maiduguri kusan kilomita ɗari biyar ne, awa ɗaya a sama. A cikinta zan gaya masa na samu aikin koyarwa a can, kuma gobe wa'adin kama aikin zai cika. Shi ya ce duba tsohon abokinsa za shi, ni 'yar rakiya ce.

Na buɗe baki, aka kawo shayi. Na sake buɗewa, na ce, "Baba... ga gajimare."

"Na gan shi, Ummukulsum. A Gumel ma akwai."

Tayoyin jirgi suka taɓa ƙasa. Idona ya ciko.

Baba ya zuge jakarsa, ya ɗora min takarduna a cinya, har da ta ɗaukar aikin da na ɓoye a ƙarƙashin katifa.

"Innarki ta gani tun satin jiya. Babu wani aboki. Da jira zan yi ki faɗa da bakinki, ai raƙumi za mu hau, ba jirgi ba."