Ƙofar Da Minty Ta Sani

Dorcas na shanya a bayan bukkarta, cikin gonar audugar da ta yi bauta a Georgia, sai ga masoyinta Hezekiah jingine da shinge, sanye da shuɗiyar rigar sojan Arewa, waɗanda suka yi yaƙin 'yanta bayi. Hannun rigar na hagu a naɗe yake, babu komai ciki. Ta kalla, ta kawar da kai.

"Yaƙi ya ƙare, Dorcas. Ba mai sayar da kowa kuma. Zo mu tafi Ohio, can Arewa, a ɗaura mana aure a coci."

Ta daɗe tana murɗa zanen da ta riga ta matse.

"Minty fa?"

'Yarta ce, wadda ubangidansu ya sayar tun tana ƙarama.

"Ba ki ma san ko tana raye ba."

"Ban sani ba. Amma duk duniya ƙofar nan kaɗai ta sani. In ta zo ta tarar ba kowa fa?"

"To, ni sai in zauna."

"Da wannan rigar? Tsofaffin iyayen gijin nan ba za su bari ka ga Lahadi ba."

Bai musa ba. Ta cusa masa burodin masara a aljihu, ta koma kan shanyarta, don kada ta ga tafiyarsa.