Randar Kufai

Duk Kurawa babu randar da ta kai tamu sanyi. Mahaifina ne ya tono ta a gonarmu da ke kufan tsohon birni, inda ganuwa ta zube ta zama tudu. Inna ta wanke ta, muka yi ta shan ruwa a ciki.

Wata rana da la'asar kakana, mahaifin Inna, ya zo daga Tozai. Na ɗebo masa ruwa a moɗa. Zai kai baki ke nan, sai idonsa ya faɗa kan zanen da ke wuyan randar. Ya ajiye moɗar a hankali.

"Ina kunka samo wagga?"

Inna ta gaya masa.

"Innalillahi! Mutanen da, cikin irinta suke sa jariri in ya mutu, su rufe."

Inna ta zauna daɓas a ƙasa, ta jawo ƙanena mai rarrafe ta ƙanƙame shi. Ta ce, "Baba, ƙasusuwan da na tarar a cikinta, na ɗauka na ɗan akuya ne. Bayan danga na zubar da su."

Na girma, na haifi nawa. Har yau, in ruwa ya cika sanyi, sai ya tsaya mini a maƙogwaro.